Inna ta ƙi yarda a ɗebi tsokar nononta, ya zan yi?

Assalamu alaikum jama'a. Sati uku ke nan da aka yi wa Innata hoton nono a nan Sakkwato. Takardar ta nuna BI-RADS 4, wato an ga wani kumburi da ake shakkarsa, likita ya ce ba lallai cutar kansa ba ce, amma sai an sa allura an ɗebo ɗan tsoka an auna. Inna ta ce atafau, wai ta ji in ƙarfe ya taɓa kumburin, bazuwa yake yi. Takardar ma ta tura ta ƙarƙashin katifa, ta koma shafa man habbatussauda.

Likitan ya ce allurar ba ta yaɗa ciwo, na faɗa mata har na gaji. Don Allah wadda aka taɓa yi wa a UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo), ana kwantar da mutum ne? Akwai zafi? Da wane baki kuka shawo kan tsofaffinku?