Watannin da aka rufe bodar Najeriya da Nijar: kowa ya faɗi yadda ta same shi

Mai Albasa, Illela:
Salamu alaikum jama'a. Ina so masu cin abinci a bakin boda su faɗi abin da idonsu ya gani daga ƙarshen Yulin 2023, da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan sojoji sun kifar da Bazoum, zuwa Maris 2024 da aka buɗe. Ban da siyasa don Allah. Ni dai mota guda ta albasar Galmi nake da ita a Ƙonni ranar da aka datse hanya. Ga damina, ga tamfol a rufe. Kafin mako ya zagayo wani baƙin ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin motar, ƙuda ya yi mata dandazo, masu shagunan kusa suna roƙon a janye ta. Abin da muka tsince bai biya kuɗin mota ba. Rabin jarin kuma na wani dattijo ne da ya ba ni amana.

Direban Kamyo, Maraɗi:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Mu tamu ba ta ƙare a Maris ba. Sedeyawo, wato ECOWAS, ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a toshe, don hukumominmu ba su yarda da Benin ba. Da can daga Kwatano nake ɗauko kaya, hanya miƙe. Sai aka koma Lome, a ratsa Burkina Faso, a bi ta Kaya da Dori zuwa Tera. Ba ka tafiya kai kaɗai, sai an tara ɗaruruwan motoci sojoji sun yi rakiya. Zaman jiran ayarin ya fi tafiyar cin rai: kana kwana ƙarƙashin mota, kuɗin guzuri na ƙarewa, mai kaya na bugo waya kamar kai ka riƙe hanyar. Duk wannan a kan buhun shinkafa yake sauka, mai cefane ke biya.

Hajiya Mai Zoɓo, Yamai:
Ni kuran ce ta karya ni. Najeriya ta yanke layin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take. Firiza biyu sun zama akwatin ajiya. Zoɓo da ɗumi wa zai saya? Sai da na koma tuyar ƙosai da safe.

Ɗan Kabu-kabu, Jibiya:
Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni kam a lokacin na yi kuɗin aure. Babbar mota ta tsaya, babur bai tsaya ba. Buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki, mu bi ta cikin gonaki mu ɓulla wajen Ɗan Isa. Kowace kwana akwai mai igiya a gicciye, kowa da rabonsa, mu kuma mu ɗora a kan mai kaya. Wahalar dajin 'yan bindiga ce, shi ya sa magariba ba ta riske ni a hanya.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ai ga irinta nan. Wani na kuka wani na guɗa.

Dillali, Maigatari:
Kasuwar Alhamis ba ta mutu ba, raguwa ta yi. Saniya ba ta san shinge ba, ta daji ake koro su. Abin da ya fi rufe boda taɓa mu faɗuwar naira ce a gaban sefa tun tsakiyar 2023. Mutumin Damagaram ya kawo sa, ka yi tayi da naira, ya lissafa a jika, ya ce albarka. Shi kuwa in ya canza sefarsa ya shiga Dawanau, masara araha gare shi. Daga baya a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina, wake ya ƙara wuyar shigowa.

Baba Tsoho, Daura:
Yara, wannan ce ta uku da na gani. Ta 1984 ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Sai ta Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wadda aka ce don noman shinkafa ne. A ganina ta 2023 ta fi ciwo, don har maganar yaƙi aka yi, ni kuwa 'yata tana aure a Matamai. Yanzu Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, ga shi kuma ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. In jirgin ya iso boda aka ce an rufe, shi ma ta gonaki zai bi?

Mai Albasa:
Baba ka ba ni dariya. Malam direba, in kana da mota mai komawa Lome wayam ka yi mini magana ta gefe, ina da kaya na Kumasi.