Muhawara: Shin don idon Turawa aka yi fim ɗin Zinder?

Malam Isuhu: Assalamu alaikum. Na san maganar ba za ta yi wa wasunku daɗi ba, amma ina nan a kanta: fim ɗin da Aisha Maki ta fitar a 2021, wanda ta raɗa wa sunan garinmu, don idon Turawa aka yi shi, ba don mu ba. Birnin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, wanda ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, a ce an ɗauki sunansa kacokan an liƙa wa unguwa guda, Kara-Kara, da 'yan pale, wato gungun samarin daba, masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur? Wanda ya kalle shi a Suwizalan, inda aka fara nuna shi, zai ɗauka duk ɗan Damagaram da adda yake kwana. Fina-finan Kano, duk da raye-rayensu, ba su taɓa tozarta mu haka ba.

Nana Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, ba gardama nake da girmanka ba, amma wace ƙarya aka yi a cikin fim ɗin? Babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, mutanen unguwar ne da bakinsu, kuma da Hausarmu suke magana. Wadda ta yi shi ba baƙuwa ba ce, a nan aka haife ta. Akwai wurin da ta tsayar da kyamara a kan tabon sara da ke jikin samarin, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa, har sai mai kallo ya ji nauyin abin. Akwai kuma saurayin da ya sa wa ƙungiyarsu sunan Hitila, yana tsammanin wani jarumi ne na Amurka da ba a cin galaba a kansa. Bature zai iya yin dariya a nan, ni kuwa hawaye ne suka zo mini, domin abin da na gani shi ne yaron da ba a taɓa sa shi makaranta ba, a unguwar da tun asali aka ware wa kutare aka juya mata baya. Wannan saƙo namu ne, domin mu ne muka juya bayan.

Lawali: Yaya Hadiza, ni shagon tura fina-finai a waya nake riƙe da shi kusa da Kasuwar Dole, saboda haka bari in faɗi abin da nake gani. Abin da mutane ke zuwa nema shi ne sabon kashi na Labarina ko Izzar So, da fassarar fina-finan Indiya, kuma mace za ta aiko yaro da katin waya tun da hantsi don kada maƙwabciyarta ta riga ta sanin abin da ya faru. Ban tuna ranar da wani ya tambaye ni fim ɗin Aisha Maki ba. Idan namu ne, me ya sa ba ya cikin wayoyinmu?

Malam Isuhu: Madalla, Lawali. Ku ƙara da cewa kamfanonin Faransa da Jamus na cikin waɗanda suka haɗa hannu aka shirya shi. Mai ba da kuɗi ba ya rasa ta cewa, kuma an daɗe da sanin irin hoton Afirka da bukukuwan fina-finai na Turai suka fi so: talauci, tashin hankali, ƙura.

Hajiya Zuwaira: Malam Isuhu, bari in yi maka tambaya, kuma kada ka ji haushi. A 2016 Rahmatu Keita ta fitar da Zin'naariya, labarin wata 'yar gidan sarautar Damagaram da ta dawo daga karatu a Faransa. Babu adda a ciki, babu fetur. Gine-ginenmu na ƙasa ne, da sutura, da lalle, da kunya irin ta 'ya'yan manya, kuma shi ne fim ɗin da Nijar ta aika gasar Oscar. Ka kalle shi? Na tabbata yawancin masu kukan an ɓata sunan gari ba su neme shi ba, alhali shi ma ta hanyar bukukuwan nan na waje ya bi. Ashe ba munin hoto ne ya raba mu da irin waɗannan fina-finai ba, tunda mai kyan ma ba mu kalla ba.

Game da cewa Kano ba ta tozarta mu, gaskiya ne, amma dalilin shi ne ba ta ma kallo wajenmu. Ina son shirye-shiryensu, ina bin su kamar kowa. Sai dai falo mai kujerun alfarma da rikicin gadon miliyoyi ba rayuwar matar unguwar Garin Malam ba ce, wadda ke lissafin kuɗin mai ga-ruwa kafin ta ɗora tukunya. Ni fim ɗin farko da na ga an faɗi abin da mata ke ɓoyewa shi ne wanda Aisha Makin ta yi a 2016 a kan rashin haihuwa, inda ta fara da kanta. Duk macen da dangin miji suka taɓa yi wa gori ta san ba Baturiya ake yi wa wannan magana ba.

Alhaji Mamman Sani: Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Ku yara ba ku riski lokacin ba, amma ƙasar nan ta taɓa zama a sahun gaba a harkar fim. Umaru Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, da fim a kan auren mace fiye da ɗaya, kuma Mustafa Alasan yana yin fim ɗin zane tun shekarun 1960. Shi kansa Ganda a hannun Bafaranshe mai shirya fim Jan Rush ya shiga harkar, amma ban ji wanda ya ce ba namu ba ne. Bambancin shi ne a da akwai gidajen sinima, mutum ya biya ya shiga ya yi hukunci da idonsa, ga kuma wasannin su Yazi Dogo a talabijin suna yi wa manya shaguɓe muna dariya. Da gidajen suka mutu, mai shirya fim a Nijar ya rasa inda zai mayar da kuɗinsa. Na Kano yana da kasuwa mai miliyoyin masu kallo da tallace-tallacen YouTube, namu kuwa sai ya rubuta takardar neman tallafi zuwa waje, wanda ya ba da tallafin kuma shi ke fara nunawa a tasharsa. Zargin Malam yana da gaskiya ta fuskar aljihu. Ta fuskar abin da ke cikin fim ɗin, ban ga inda ya kama ba.

Malam Isuhu: Alhaji, na karɓi batun kasuwa. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini batun suna. Da ta kira shi Kara-Kara, da ban buɗe baki ba.

Nana Hadiza: Malam, ai a nan ne muka fi saɓawa. Da ta kira shi Kara-Kara, da mu mutanen unguwannin Birni da Zango mun ce wannan matsalarsu ce can, kamar yadda muka saba faɗa, har sai ranar da aka fito ƙone-ƙone irin na tarzomar da aka yi a garin nan a Janairun 2015 sannan mu tuna gari ɗaya muke. Mai kabu-kabun da ke kai ka masallaci, da mai sayar maka da fetur a kwalba a bakin titi, da yawansu daga irin waɗannan unguwanni suke fitowa kowace safiya.

Lawali: To, ni dai idan masu fim ɗin za su yarda a tura shi a waya da izininsu, a farashin da nake tura kashi ɗaya na shirin Kano, zan sa shi a gaban shago in ga ko za a tambaya. Sai dai a cire rubutun Faransancin da ke ƙasa, domin masu saye na ba su buƙatarsa.