Lodi ya ragu, an ƙara yuriya, amma NOx ya ƙi sauka: ina matsalar take?

Tururi540: Assalamu alaikum, injiniyoyi. Tukunyar tururi ce mai ƙona garin kwal, tana da tsarin SNCR, wato fesa yuriya cikin hayaƙi mai zafi don rage NOx (gurɓatacciyar iskar naitirojin da ke fita cikin hayaƙi). Idan lodi, wato yawan aikin da tukunyar ke yi, ya cika komai lafiya. Da zarar ya sauko rabi, sai NOx ya ƙi sauka ko an ƙara yuriya, toka ta riƙa warin amoniya, na'urar ɗumama iska kuma ta toshe. A ci gaba da ƙara maganin ne, ko sai an koma SCR, wato tsarin da ke amfani da amoniya tare da katalis (sinadari mai hanzarta aikin)?

Mai_Tukunya: Wa alaikumus salam. Kada a ƙara, ɗan'uwa. SNCR ba ya aiki sai zafin hayaƙi yana tsakanin digiri 850 da 1,100 na Salshiyos. Idan lodi ya ragu, wurin da ke da wannan zafin yakan sauko ƙasa cikin tukunya, bututun feshin kuwa yana nan inda aka kafa shi, yana fesawa cikin hayaƙin da ya huce. Amoniyar da yuriyar ke saki sai ta wuce ba ta yi komai ba, ta haɗu da SO3 (iskar da ke fitowa daga ƙonewar farar wutar da ke cikin kwal), su zama wani gishiri mai danƙo da ke mannewa a wajen digiri 150 zuwa 200. Shi ne ke kama toka ya toshe na'urar. A sa bututan feshi hawa biyu ko uku, a riƙa sauyawa gwargwadon lodi. In zafi ya wuce kima kuma, amoniyar kanta ƙonewa take ta koma NOx.

GarinKwal: Haka ne, Malam, amma a fara duba wutar tukuna. Mafi yawan NOx na kwal daga naitirojin ɗin da ke jikin kwal ɗin yake fitowa, kuma yawan iska a bakin wuta ne ke haifar da shi. A ƙaramin lodi masu aiki kan bar iska ta yi yawa don gudun mutuwar wuta. A auna iskar oksijin a faɗin bututun hayaƙi, ba a wuri ɗaya ba. A duba niƙa: kamata ya yi kashi 70 cikin ɗari na garin ya wuce rariya mai ido maikuron 75. A karkatar da kamar kashi 20 na iskar zuwa ƙofofin sama, ƙonewa ta ƙarasa a can. Sai dai a yi hattara: in aka matse iska da yawa, CO (iskar gubar da ke fitowa idan ƙonewa ba ta ƙarasa ba) zai hau, baƙin gawayi ya yawaita a toka har masu siminti su ƙi saye, kuma in kwal ɗin mai yawan farar wuta ne, bututan bango za su cinye.

Tururi540: Na gode. To SCR fa?

Mai_Tukunya: SCR kan cire kashi 80 zuwa 90, SNCR kuwa galibi 30 zuwa 50. Inda doka ta tsananta, kamar Sin da ta sa iyakar miligiram 50 a kowace mita kubik, sai da shi. Amma shi ma ƙaramin lodi na damunsa: katalis ɗin na son digiri 300 zuwa 400, ƙasa da haka gishirin nan ya cike ƙofofinsa. Dole a yi wa hayaƙi hanyar kewaye na'urar ɗumama ruwa don zafi ya tsaya, a kuma riƙe amoniya mai tserewa ƙasa da ppm 2, wato kashi 2 cikin miliyan.