Ina Gamba Ta Tafi? Musayar Waƙa kan Dajin Baban Rafi

Kawu, daga Madarunfa:
Ina da kuka, ku saurara 'yan uwa,
Baban Rafi na shiga bayan ɗaukewar ruwa,
Marke yana tsaye, ƙirya tana ba da inuwa,
Na duba gindinsu, ba gamba, ba kyasuwa.
Farin 1973 shi ya fara cinyewa,
Na 1984 ya zo ya ƙarasa shafewa,
Tun sannan sama take yi mana rowa.

Inna, daga Gabi:
Yaya, kar ka ɗora wa sama laifin duka,
Ruwa ya dawo, da idonmu muka ga yana sauka,
Gulbin Maraɗi kan cika har ya ci shuka.
Sabara da geza fa, wa ya sare ya ɗauka?
An kai su kasuwar icce don birni ya girka.
Su ne rumfar ƙasa, su ke tare iska,
Gara ta ci ganyensu, ta buɗe wa ruwa ramuka,
Irin ciyawa ya maƙale nan har damina ta sauka.
Da aka raba su da wurin, ƙasa ta ƙeƙashe ta zama fako,
Ruwa ya zuba ya wuce, ya kwashe iri tun farko.
Yaɗiyar kwaɗo ma sai na yi nisa kafin in tsinko.

Makiyayi, daga bakin daji:
Inna, kin faɗi taki, saura batun garmani,
Ya cika makiyaya, saniya ta shinshina ta dube ni.
Ban musa ba, kofato ya taka, baki ya ci tun kafin rani,
Ciyawa ba ta kai ga zuba iri ba, wannan na sani.
To amma ina burtali? Gona ta cinye shi a idon hakimi da talaka, kowa na gani.
Garke goma a wurin ɗaya, dole mai daɗi ta ƙare, a bar mana marar amfani.

Ɗaliba, daga Maraɗi:
Iyayena, ku ba ni wuri in sa baki kaɗan a zancen nan,
A 1983 Toni Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya lura da kututture a gonakin nan,
Ashe saiwa na raye, a rage rassa a bar masu ƙarfin nan.
Wannan sassaben zamani ya bazu, hekta miliyan 5 a Nijar ɗin nan.
Gawo kan zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a gindin nan.
Kawu, abin da ya yiwu a gona, me zai hana shi a dajin nan?

Kawu:
'Yata, gona da mai ita, shi ke kwana yana tsaro,
Daji na kowa ne, mai lauje ya riga mai jira, ya yanke ciyawa tana tsiro.
Ku bar ta ta kai kaka ta zuba iri, shi ne roƙon da na ɗauko tun ina yaro.

Inna:
Yaya, na ji, ni ma ga tawa buƙata,
Zanar gidana ta ruɓe, ta kasuwa ta fi ƙarfin jakata.
Mai tushen gamba a iyakar gonarsa ya tsaga mini, don Allah, in dasa a tawa gonata.