Waɗanda aka yi wa aikin ƙashin baya, ku ba mu labari

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Maigidana ya faɗo daga saman gini ranar Talata. Hoto ya nuna ƙashin L1, wato na farko daga sama a jerin ƙashin baya na ƙugu, ya farfashe, wani ɓari ya matso kusa da laka. Ƙafafun suna motsi, alhamdulillahi, amma ta hagu ta yi masa nauyi. Likita ya ce sai an sa ƙarfe, dangi kuma sun kafe a kai shi wurin mai ɗori. Na rasa inda zan sa kaina.

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam, sannu da jinya, 'yar uwa. Ni T12 ne ya karye, wato ƙashin bayan da ke saman L1, na ƙarshe a jerin masu haƙarƙari, hatsari a hanyar Kaduna. Likitana ya ce tsakanin T11 da L2 aka fi samun karaya, saboda nan ne ƙashin da haƙarƙari ya tallafe yake haɗuwa da na ƙugu mai lanƙwasawa. Kusoshi takwas da sanduna biyu aka ɗaura mini. Don girman Allah kar ki bari kowa ya ja bayan nan ko ya danna shi. Ɓarin da kika ce, in ya taɓa laka, ba a dawo da ita da hannu.

Yaya Babba: Ni ƙanena ne ya karye, kuma mu muka cuce shi da kanmu, naɗe shi muka yi cikin a-daidaita-sahu daga bakin titi. Har yau abin yana cina. An yi aikin, ƙashi ya zauna, ƙafa ba ta dawo ba. Abin da ya fi ba mu wuya gyambon kwanciya. Duk awa biyu ku juya shi, har cikin dare, mutum uku, kafaɗa da ƙugu su tafi tare kamar gungume. Kullum ki duba ƙasan bayansa da diddige. In kin ga ja wanda ba ya gushewa, ki gaya wa nas nan take.

Malamar Firamare: Ni L2. Wata uku na yi cikin rigar roba mai tauri, ga zafin Afrilu, sai da na riƙa sa shimi ta auduga a ciki saboda ƙuraje. Maganin ciwo yana ɗaure ciki, ki tanadi gwanda da ruwa da yawa. Ku ɗaga katifa daga ƙasa, ku nemi kujerar bayan gida, tsuguno ba zai yiwu ba tukuna. Salla a kwance na fara, sannan a kujera. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa kuka na yi. Kuma kar maigidanki ya yi wasa da zuwa gashin ƙashi a asibiti.

Tsohon Direba: Na manta, in yana shan taba ya bari, tana hana ƙashi haɗewa da wuri.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yayansa saƙon Yaya Babba, ya yi shiru, ya sa hannu a takardar. Gobe da safe za a shiga da shi. Ku sa mu a addu'a.