Abin da muka tattara kan Nana Ummu Salama (RA)

1. An haɗu a kan cewa mai takaba ta riƙi addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar mijinta Abu Salama, wanda raunin Uhudu ya yi ajalinsa: Allah ya ba ta lada, ya musanya mata da mafi alheri. Sai Manzon Allah (SAW) ya aure ta.

2. Magidanta su riƙa shawara da iyalansu. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da sahabbai suka yi jinkirin yanka hadaya da aski, ita ta ce wa Manzon Allah (SAW) ya fita ya yanka hadayarsa ya yi aski ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Sahabbai suka bi. A tattaunawarmu, kan wannan batu na shawara mata suka fi zafafawa, kuma da gaskiyarsu.

3. An rabu kan shekarar rasuwarta: wasu 59, wasu bayan Karbala a 61.