Neman kalma: me za mu kira tinplate da Hausa?

Mai shirin tarihi: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan masana'antun Wales ta Birtaniya, na maƙale a kalma ɗaya: tinplate, wato siririn fallen ƙarfe da a zamanin da ake tsomawa cikin narkakkiyar kuza don kada ya yi tsatsa. Garin Llanelli na Wales da shi ya yi suna. Galibinsa Amurka ake kaiwa, har dokar Amurka ta McKinley ta 1890 ta ɗaga harajin shigo da shi daga santi 1 zuwa santi 2.2 a kowace laba, daga Yulin 1891. Kasuwar ta karye, Amurkawa suka koma yin nasu. Farashinsa kuma da akwati ake faɗa, akwati ɗaya falle 112 masu inci 14 da 20.

'Yar Fagge: Ƙarfen gwangwani. Kowa zai gane.

Ɗan Bukuru: Kwanon kuza ya fi. Kuzarmu ta Jos ai Ingila aka riƙa kaiwa.

Mai shirin tarihi: Yallaɓai, da an ce kwano hankalin mai sauraro zai tafi kan na rufi, shi kuwa da tutiya ake shafe shi. Kuma a 1891 ba a fara kwasar ta Jos ba, jirgin ƙasa ma sai 1914 ya kai Bukuru.

Malamin Hausa: Duk kun bar asali. Kuza ita ce wadda aka haƙo, idan an narka ta kakanninmu dalma suke cewa, shi ya sa ake da garin Ririwan Dalma. Ni shekara da shekaru "dalmataccen falle" nake koyar wa ɗalibaina.

'Yar Fagge: Allah ya gafarta malam, yau ka ce dalma a Kurmi, wadda ake liƙe tukunya da ita za a miƙo maka. A ce wa mutane a cikinta ake zuba madara?

Ɗan Damagaram: Mu nan farin ƙarfe muka sani, haka ma Faransawa ke kiransa.

Malamin Hausa: To ga shi nan, fassarar Faransanci. Sai yaushe za mu daina ara?

Ɗan Damagaram: Malam, maƙeran fari da maƙeran baƙi daga Faris suka zo? Kullum abin da ya fito daga Nijar sai ku ce ba Hausa ba ce.

Malamin Hausa: Ban faɗi haka ba. Amma maƙerin fari azurfa da tagulla yake ƙerawa, ka ga an sake ruɗa mutane.

Mai shirin tarihi: Don Allah a yi haƙuri, dare ya yi. A farkon shiri zan ce "fallen ƙarfe mai ruwan kuza", daga nan in ci gaba da "ƙarfen gwangwani". Saura akwatin: in bar shi akwati?

'Yar Fagge: Bar shi, amma ka faɗi yawan fallen.

Malamin Hausa: Don rediyo na yarda. A rubuce dai ina nan kan dalmatacce.